Daɓen da Muka Yi wa Babur

Ku 'yan matan Gawon Nama da Gidan Dahala da kuka buɗe ido kuka tarar da siminti a ɗakunan uwayenku, na ji abin da kuke faɗi. Wai daɓe ba sana'a ba ce, taron tsofaffi ne masu dukan ƙasa suna waƙa a ba su fura. To, da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe alƙalami, kuma ban koye shi don in lallashi kowa ba. Ku gyara zama.

Inna Ige, ƙanwar uwata, ita ce uwar daɓen unguwarmu a Ƙofar Dundaye, a hannunta na tashi. Na daɗe ina ɗauko mata tsakuwa a ka daga bayan gari, ina jiƙa makuba, kafin ta yarda in taɓa madaɓi. Makuba, tunda ba ku san ta ba, ɓawon ɗorawa ne da ake dakawa a jiƙa, ruwansa ya yi ja-ja baƙi-baƙi, shi ke ɗaure ƙasa ta koma kamar dutse. Madaɓi kuwa ice ne mai shafaffen ciki da lanƙwasasshen hannu. Na ƙirya ya fi, don ba ya tsagewa. Wanda ta ba ni, hannun wata ya riga ya cinye mariƙinsa, sai da nawa hannun ya bi sawun nata.

Durƙusawa ake yi a jere, kafaɗa da kafaɗa, a fara daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya har ƙofa. Waƙar nan da kuke rainawa ita ke daidaita hannu. Wadda ta riga, wurinta ya yi kwari. Wadda ta makara, wurinta ya yi tozo. In an gama, Inna Ige ba ta duba aiki da ido. Buta take ɗauka ta tsiyaya ruwa a ƙurya, mu tsaya cirko-cirko. In ruwan ya miƙe ya fita ƙofa, a kawo fura. In ya tsaya a wani wuri, ko da faɗin tafin hannu ne, a fasa a sake. Takan ce, "Ruwa baƙo na, a nuna mai ƙohwa." Haka na tashi na sani: kowane daɓe a duniya ƙofa yake kallo.

Na yi wa uwayen amare aiki, masu son daɓe ya yi sheƙi har a ga haƙori a ciki. Na yi zaurukan malamai, inda gwiwa ke cin ƙasa fiye da ƙafa. Na yi wa wani attajiri da ya ce in sa masa tsingaro a jere kamar ɓawon kifi, ya zo yana mini gyara da bakin sanda, na miƙa masa madaɓi na ce bismilla. Ya janye sandarsa. Amma duk waɗannan aiki ɗaya ne da riguna daban-daban. Wanda ya bambanta guda ne, kuma a muguwar shekara ya zo.

Shekarar da fara ta sauka ce. Inna Ige ta riga ta rasu, ni ke riƙe da taron masu daɓe, mijina ma ya rasu, ba ni cikin kulle. Babu biki, babu sabon ɗaki, wanda ke neman abin sa wa baki ba ya tuna ƙasan ɗakinsa. Ɗorawa ba ta yi 'ya'ya ba balle a samu makuba. Matan taron suka watse, wasu dakau, wasu ɗibar ruwa. Madaɓanmu na rataye gizo-gizo na saƙa a kansu. Ana cikin wannan rani sai Labbo ya yi sallama a ƙofar gidanmu.

Labbo ɗan mahauta ne, kakanninsa duk da wuƙa suka ci abinci. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi wani Bature yana masa hidima, cikin hidimar har da goge babur. Ku yanzu babur ba komai ba ne a wurinku. A lokacin, in ya ratso gari, jakuna na zubar da kaya, mata na fizge 'ya'yansu, tsofaffi na a'uziyya. Da Baturen zai koma ƙasarsu, babur ɗin ya riga ya mutu, ba ya tashi. Labbo ya ba da shanun da ya gada wajen uwarsa ya karɓi gawar. Ya kwance shi gaɓa-gaɓa don ya gano ciwon. Gari ya ɗauka. Ubansa, tsoho mai kaifin harshe, ya faɗa a bainar jama'a cewa su fiɗa suka gada, ba su gaji mayarwa ba, wa ya taɓa ganin mahauci ya tashi sa bayan ya feɗe shi? Ya kuma yi rantsuwa: in ruwan farko ya sauka abin nan bai tashi ba, maƙera za a kai wa su ƙera fartanya, Labbo ya dawo ya ɗauki wuƙa.

Labbo ya kai ni wani fili a bakin unguwa. Na tarar da Baba Nomau magini tsugune yana tauna goro, fuska ba annuri. A ƙasa kuwa an zana gida gaba ɗaya da tsinke, Labbo na tsallake layukan kamar bango ne na gaske.

"Gwaggo, ga zauren, kewayayye," in ji shi. "Ba na baƙi na ba, na aiki na. Ƙohwa mai hwaɗi, wadda jaki da mangala ka shiga. Kuma ban son dokin ƙohwa."

"Ɗaki ba dokin ƙohwa!" in ji Baba Nomau. "Ruwan damana ya shigo ya gaishe ka kenan."

"A ɗaga ɗakin, Baba, a yi mai gangara daga waje."

Ya nuna inda tagogi za su zauna, can sama ta gabas, don hasken safe ya faɗo daidai tsakiyar ɗaki. Bango kuwa a cika shi da alkuki kamar gidan tantabaru, kowane ƙarfe da nasa rami. Dakali iya gwiwa na ɗora inji. Sai ɗakin kwana manne da zauren, da wata 'yar kafa a bango daidai inda kansa zai kwanta, don in ya buɗe ido ya fara ganin babur. Madafi can ƙarshen gida, nesa, saboda fetur da wuta ba su haɗa hanya. Matarsa Luba tana bayan zana tana ji, ta ɗaga murya.

"Gwaggo, ki hwaɗa mai ya yi ma kahwar nan marhi. In ba haka ba sauro na cinye mu shina kallon ƙarhe."

Baba Nomau ya tuntsire da dariya, ya ce wannan kaɗai ce maganar hankali da ya ji tun safe.

Ni dai ban yi dariya ba, na ce mene ne nawa a ciki. Sai Labbo ya kai ni wata rumfa ya ɗaga tabarma. Ga babur a baje cikin ƙore da tukwane, wani a nannaɗe da fata, an jera shi yadda mahauci ke jera nama: kai daban, kayan ciki daban, ƙafafu daban. Ya kwance wata 'yar jakar fata daga wuyansa, ya ce in buɗe hannu. Ya zuba mini wasu ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira boris yanzu.

Na riƙe murjani a rayuwata, na riƙe ƙwai, na riƙe 'ya'yan kurna. Ban taɓa riƙe abin da ya kewayu haka ba. Ba shi da baki, ba shi da gindi. Na jujjuya ina neman inda awartaki ya kama shi, ko inda guduma ta sauka, babu. Kuma dukansu kai ɗaya, babu wa babu ƙane. Na kawo ɗaya kusa da ido, sai na ga fuskata a ciki, 'yar mitsitsiya, da rumfar, da sararin sama gaba ɗaya.

Na ce, "Wa ya ƙera wanga?"

"Mutane na, Gwaggo, awa mu."

"Ƙarya kakai."

Ya ce a kansu taya ke juyawa, in guda ya ɓata sauran sun zama banza, kuma ba a samun irinsu sai bakin teku. Ɗaya ya taɓa suɓuce masa a rairayi, ya yi ta tankaɗe tsakar gidan ubansa da matankaɗi har yara suka sa masa waƙa kafin ya gan shi. Ga rairayi kuma, ko ƙwaya ɗaya ta shiga cikin inji ta gama da shi. Shi ya sa ya kasa haɗa shi a rumfa. Yana son ƙasa wadda ba ta tashi, wadda kuma abu ba ya ɓata a kanta.

Na ce wannan mai sauƙi ne, daɓe ba ya tashi. Ya ce, "To in ya hwaɗi, ina za ya nuhwa?" Na buɗe baki zan ce ƙofa, na rufe. Ƙofa mai faɗi, ba doki, ga gangara a waje har titi. Kyakkyawan daɓena shi zai raka ƙwayar nan har cikin rairayin gari. Ya ce to a yi shi a miƙe, kada ya kalli ko'ina. Na ce babu wannan daɓen, ko an rantse maka an yi, buta za ta ƙaryata.

Na koma gida abin na cina. Washegari ina rege 'yar shinkafar da muka samu, ina juya ƙwarya, ina kallon yadda tsakuwa ke barin gefe tana taruwa a gindi. Na daɗe ina juyawa bayan shinkafar ta fita. Na ajiye na yafa zane na nufi filin.

"Ƙwarya za mu yi," na ce musu. "Daɓen ya kalli cibiyar ɗaki."

Baba Nomau ya tofar da goro. "Hajo, yunwa ta taɓa ki? Rijiya za ki gina min cikin ɗaki? Ran da rufi ya yi yoyo, ruwa ya kwanta, ya ci gindin bango, a ce Nomau ya yi ginin banza."

"To kak ka yi rufin da ka yoyo. Ko ba ka iya ba?"

Muka yi ta yi har masu wucewa suka tsaya. A ƙarshe shi da kansa ya kawo maganin, yana harara ta: a binne kasko a cibiyar, bakinsa daidai da ƙasa. Ruwa ne, man inji ne, ƙwayar ƙarfe ce, duk abin da ya faɗi can zai tarar da 'yan'uwansa, a sa hannu a kwashe. Na ce ashe akwai kai a ƙarƙashin hular. Ya ce in Inna Ige na da rai da ta fasa mini madaɓi a ka. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Da gini ya tashi aka yi rufi, zafi ya riga ya kai inda ake duban gabas ko hadari zai taso. Na tattaro mata uku da suka rage mini, cikinsu har da Tumba, wadda ke ba da waƙa, bakinta ba ya shiru ko a gidan makoki. Makuba babu, sai Labbo ya samo mana bagaruwa wurin majema, abokan cinikin gidansu, muka haɗa da 'yar tsohuwar makubar da na ɓoye. Na kafa turke a cibiya na ɗaura igiya ina kewayawa, ina rage tsakuwa kaɗan-kaɗan. Gangarar ba ta son yawa, don kada babur ya kasa tsayuwa. Ido bai kamata ya gan ta ba, sai abin da ya faɗi ya ji ta. Muka yi ta duka muna kewaya ɗaki kamar masu sussuka. Mu yayyafa ruwa ya kwana, mu dawo mu sake. Kowace safiya in saki 'ya'yan kurna daga gindin bango. Wanda ya tsaya a hanya, nan za mu durƙusa.

Sai ranar shafe na ƙarshe, wanda ake zuba ruwan makuba mai kauri a bi shi da dutsen guga. Wannan ba a taka shi sai ya sha iska, ko kaza ta taka sawunta ya zauna har abada. Mun fara da sassafe. Hannu ya san aikinsa: a fara daga tudu, a ja da baya zuwa inda ruwa zai bi. Tumba na waƙa muna amsawa, kai a sunkuye, muna ja da baya, muna ja da baya. Sai na ji bayana ya bugi wani abu mai taushi. Na waiga, Tumba ce. Ita ma ta waigo. Mu huɗu a tsakiyar ɗaki, baya da baya, kasko a tsakaninmu, daɓe na sheƙi ta kowane gefe, ƙofa can nesa kamar Makka.

Tumba ta ce, "To, Uwar daɓe. Mu munka hwara hwaɗawa kaskon."

Baba Nomau ya leƙo, ya ga abin da ke nan, ya zame a gindin bango yana dariya har da tari. Ya ce a bar mu nan, ai an ce abu ba ya ɓata a ɗakin. Ɗaya daga cikin matan ta yunƙura za ta tashi, na ce wadda ta ɗaga ƙafa sai na karya ta. Luba ta damo fura, aka rataya ƙwaryar a bakin gora aka miƙo mana kamar masu ciwon da ake gudu.

Labbo ya zo ya zauna a bakin ƙofa don ya ɗebe mana kewa. Tumba ta ce tunda ya ɗaure mu, ya faɗa mana gaskiya, aljani ne a ciki ko kuwa? Ya ɗauko wata tukunyar ƙarfe mai zara-zara a jiki ya ɗaga mu gani. Ya ce a cikinta wuta ke kamawa ta mutu, ta kama ta mutu, sauri fiye da ƙiftawar ido, kowace kamawa kuma tana tura wani ƙarfe ƙasa, shi ke juya taya. Wuta a rufe, ba itace, ba toka, ba mai hura ta. Na tuna wahalar da nake sha kafin murhu ya kama sau ɗaya. Na ce, kuma ba ta gajiya? Ya ce sai dai mai hawa ya gaji.

Sannan ya ba mu labarin ranar da Baturen ya bar shi ya hau shi kaɗai a hanyar bayan gari. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce itatuwa ke tahowa da gudu su wuce ka, ƙasa na naɗewa ƙarƙashinka kamar tabarma, hawayenka ba ya gangarowa kumatu, kunne yake nufa. Tafiyar da jaki ke yi daga hantsi zuwa azahar, ya yi ta goron bakinsa bai ƙare ba. "Gwaggo, na riga tsuntsu. Na gan shi, na wuce shi, na waiga shina baya." Tumba ma, baki buɗe, furar na hannunta. Ni da na zo yi wa mahaukaci aiki don yunwa, a zaunen nan na daina ce masa mahaukaci. Sai dab da azahar aka shimfiɗo mana fatu muka tako a hankali muka fita.

Daɓen ya bushe ya yi baƙi sumul. In ka ƙwanƙwasa shi, amsawa yake kamar tulu. Labbo ya kwaso ƙorensa ya shiga. Hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa, maƙera har sun fara aiko a tambaya. Ba aikina ba ne kuma, amma kullum sai na sami dalilin bi ta nan. Ina tsaye a ƙofa ranar da yake jera ƙwayoyin a cikin taya, hannunsa duk maiƙo, ɗaya ta kuɓuce. Ta yi tsalle ta nufi ƙofa. Luba ta dafe ƙirji. Sai ta rage gudu, ta tsaya kamar mai tunani, ta juyo. Ta taho a hankali tana 'yar ƙara siririya, hasken taga na bin ta, ta kewaya kaskon, ta faɗa, ƙwal. Labbo bai ko ɗaga kai ba. Ya miƙa hannu ya ɗauka ya ci gaba da aiki, kamar haka duniya take tun asali.

Ranar da Labbo zai tashi babur ɗin da hantsi ne, sama ta yi nauyi, ana jin ƙanshin ruwa daga nesa. Ya samo fetur a gwangwani wurin wani direba. Unguwa ta cika ƙofar. Uban ya zo da kansa, ya tsaya gaba, hannu a baya, ko sallama bai amsa ba. Ni na cire takalmi na shiga ciki na tsaya jikin bango, don in daɓen zai tsage ina son ƙafata ta riga kowa ji.

Labbo ya yi bismilla ya taka. Shiru. Ya sake, abin ya yi tari ɗaya ya mutu. Wani daga baya ya ce a kira maƙera. Labbo ya durƙusa ya murɗa wani abu, ya goge hannu a riga, ya hau ya taka da dukan nauyinsa.

Ban san yadda zan rubuta muku wannan ƙarar ba. Tsawa ce aka kama aka kulle a ɗaki. Rabin mutanen ƙofa suka watse, wani ya bar takalminsa. Ƙarafan cikin alkuki suka ɗauki rawa. Ƙasa ta shiga kaɗawa, ta bi tafin ƙafata ta hau har haƙorana, daɓen da na buga da hannuna yana numfashi kamar ƙirjin sa. Na durƙusa cikin hayaƙin na shafa inda ƙafar babur ta dafa, na shafa kewayen kasko. Ko tsaga irin ta gashi babu. Na ɗago na kalli ƙarfen nan da na gani a ƙore kamar kayan miya, ga shi tsaye yana huci, da zafi a jikinsa. Na ce Allah mai iko, na kuma faɗa, ban ji muryata ba.

Tsohon bai gudu ba. Yana nan inda yake, iskar abin na kaɗa masa riga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tako cikin ɗakin, ya kai baki kusa da kunnen ɗansa ya ɗaga murya.

"Shina ɗaukar mutum biyu?"

"Shina ɗauka, Baba."

Tsohon ya tattare babbar riga ya cusa a tsakanin cinyoyi, ya cire hula ya miƙa wa Baba Nomau ba tare da ya dube shi ba. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya zauna a baya, ya rungume cikin Labbo da hannuwan nan da suka kayar da bijimai. Suka fita ta ƙofar, suka sauka gangarar, ƙura ta rufe su.

Muka tsaya muna saurare. Ƙarar ta bi unguwa, ta fita Ƙofar Dundaye, ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma kamar kukan ƙudan zuma. Ɗigon ruwan farko ya faɗo mini a hannu. Baba Nomau na tsaye gefena, ya riƙe hular da hannu biyu kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai, ya ma manta da goron da ke bakinsa.